Hauwa'u Biyu a Gidan Balarabe

Mutanen Tungar Nagode mahauta ne da dillalan shanu. Ƙauyensu yana ƙasar Maradun, tafiyar rabin awa a babur daga Damaga, kuma a da babu Talatar da za ta wuce ba su kora dabbobi zuwa kasuwar Talata Mafara ba. Suna da gonaki da rumbuna, suna da masallaci mai rufin kwano da Islamiyya mai aji uku. A kakar bana, wata ranar Lahadi da hantsi, 'yan bindiga suka zagaye gonakin da ke gabas da gari, suka kora mata da yaran da ke roron wake zuwa daji, suka harbe maza huɗu da suka bi sawu. Kafin la'asar garin ya watse. Wasu suka nufi Maradun, wasu Bakura wurin dangi, mafi yawa kuma suka sauka Talata Mafara a wani kango da ba a gama gininsa ba, bayan kara, wato kasuwar shanu.

Sun rasa gari, sun rasa amfanin gona, amma akwai wani rashin da ya fi damun dattawansu. Babu wanda ya san iyakar mutanen da aka tafi da su. Kowane gida ya san nasa, na gari gaba ɗaya kuwa babu mai shi a hannu, don masu gidajen suna garuruwa uku, hanyoyin da ke tsakani kuma ba a binsu sai dole.

A cikin gidajen akwai gidan Balarabe. Shi Balarabe ya daɗe da rasuwa, ya bar 'ya'ya maza biyu, Magaji da ƙanensa Yasir, suna zaune gida ɗaya, suna yanka tare. Bayan rasuwar mahaifiyarsu Hauwa'u, kowannensu ya mayar da sunanta ga 'yar da ya haifa. Tun da ɗa ba ya kiran sunan uwarsa a tsakar gida, ta Yasir ana ce mata Kulu, shekararta goma sha ɗaya, ita ce 'yar fari wurin uwarta Larai. Ta Magaji ana ce mata Jidda, shekararta shida. An tafi da su biyun. Yasir yana cikin maza huɗun da aka harbe.

Babbar 'yar Magaji, Khairiyya, ba ta gona ranar, don tun bara take zaune wurin gwaggonta a Talata Mafara tana sakandare. Shekararta goma sha biyar. Da yamma takan je wani shago kusa da tasha, inda Malam Kamaluddeen ke koya wa yara takwas gina shafukan intanet da kwamfutoci huɗu da janareta mai yawan tari. Cikin su takwas ɗin ita ta fi saurin ganewa, har Malam ya sa mata Injiniya.

Kwana goma sha biyu bayan harin, Liman Abdulrashid na Tungar Nagode ya yi sallama a ƙofar shagon. Malam ya miƙe ya ba shi kujera.

"Mun wuni lahiya, Malam Kamalu?"

"Lahiya lau, Allah gafarta. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Ya baƙunta? Ya jama'a?"

"Jama'a ga su nan, sai addu'a."

Sai da aka gama gaisuwa Liman ya faɗi abin da ya kawo shi. "An yi magana da mutanen can. Sun yarda su sako namu. Amma ba mu kaɗai sunka kwasa ba, akwai na garuruwa ukku ko huɗu wuri guda. Sun ce mu kawo sunaye a takarda. Wanda anka kira ya tashi, wanda ba a kira ba ya zauna. Laraba zan shiga. Ni kuwa ga mutanena sun warwatse kamar gero a hannun kaji."

Abin da aka ba su a madadin sakin, Liman bai faɗa a gaban yara ba, yaran ma ba su tambaya ba.

A ranar Malam ya gina fom a intanet, wanda za a iya cikawa da waya. A Maradun wani mai kemis ya ɗauki nauyin cikawa, a Bakura wani malamin firamare, a Talata Mafara kuwa Khairiyya ce ta bi kangon ɗaki ɗaki da wayar Malam. Fom ɗin ya bi tsarin gida kamar yadda mutane suka san shi. Da farko sunan gida, cikinsa matan gidan, ƙarƙashin kowace mace 'ya'yanta, kowane yaro da sunan yankansa, sunan da ake kiransa, shekarunsa, da ko an tafi da shi. Haka bayanan suka riƙa isowa kwamfutar shagon, abu cikin abu, kamar ƙorai da aka jera ƙarama cikin babba.

Ranar Litinin Liman ya dawo, ya leƙa gilashin kwamfutar, ya ja da baya.

"Wanga rubutu kamar tururuwa ta faɗa tawada ta hito. Wa zai karanta shi a daji? Mutanen can ko Fatiha sai an ja su."

Malam ya yi murmushi. "Za mu warware shi, Allah gafarta."

"To ku warware shi sosai. Sunan yanka da sunan gida, shi ke nan. Kada ku sa uwa, kada ku sa uba, kada ku sa shekaru. In sunka gane ɗiyar wane ce, sai su tuna shanun ubanta, magana ta koma sabuwa."

Khairiyya ta ce, "A sa lamba gefen kowane suna, Baba Liman?"

"Bari, ɗiyata. Ɗiyan mutane ne, ba shanun kara ba."

Malam ya lura kwana da kwanaki yarinyar ba ta cin abin kirki, ba ta kuma iya zama wuri ɗaya. Ya ga gara ya ba hannunta aiki. Ya ce, "Injiniya, wanga naki ne. Kin san yadda ake shiga cikin bayanai a hito da su hili."

Ta zauna ta rubuta layuka goma sha wani abu a harshen JavaScript. Umarnin da ta ba kwamfutar mai sauƙi ne. Ta shiga kowane gida, ta shiga wurin kowace mace, ta ɗauko duk wanda aka tafi da shi, ta ajiye shi a jeri mai hawa ɗaya wanda babu komai cikin komai. A irin wannan jerin kowane bayani yana rataye ne da abin da ake nemo shi da shi, wanda masu aikin ke kira mabuɗi. Tun da Liman ya ce suna da gida kawai, sai ta haɗa su biyun ta mayar da su mabuɗin.

Malam bai bar aikin ya wuce haka nan ba. Ya ƙirƙiro gidaje uku na ƙarya da sunaye goma sha biyu, ya zuba su ciki, duka goma sha biyun suka fito. Ya ce, "Ya yi. Allah ya yi miki albarka." Sai aka zuba na gaskiya. Jerin ya sauko tsaf, layi bayan layi. Khairiyya ba ta tsaya karanta na kowa ba, ta gangara tana neman ƙanwarta, har ta gani: Hauwa'u, gidan Balarabe. Ta ɗora yatsa a kan gilashin, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Washegari bayan azahar aka karanta takardar a tsakar kangon, maza a gaba, mata a baya jikin bango. An kira mai kemis na Maradun da malamin Bakura a waya aka buɗe murya don nasu su ji. Liman yana kiran suna, mai gidan yana amsawa da na'am. Wasu matan suna kuka a hankali.

"Hauwa'u, gidan Balarabe."

Magaji ya ce, "Na'am." Da jin sunan mahaifiyarsa ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba tun yana yaro, bai saurari ko za a maimaita ba. Matarsa, uwar Jidda, ta rufe fuska da mayafi. Larai tana can kusurwa a kan tabarmar takaba. Ta ɗago kai tana jira. Liman ya wuce gida na gaba. Ta buɗe baki, ta dubi bayan yayan mijinta, ta dubi dattawan da ke zaune, ta mayar da kanta ƙasa. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta tambayar labarinta a bainar jama'a, balle mai takaba a gaban surukai. Khairiyya ta ga ɗagowar kan nata, ta ɗauka baƙin ciki ne.

Da aka kai ƙarshe Liman ya ce, "Akwai wanda bai ji nashi ba?" Babu wanda ya yi magana. Aka shafa Fatiha.

Ranar Alhamis kafin la'asar motar da ta kwaso su ta iso daga Maradun, wata tsohuwar tirela ta ɗaukar shanu. Mutane suka yi kanta. Aka riƙa sauko da su ɗaya ɗaya, ƙafafu a kumbure, kai duk ƙaiƙayi da ƙasa, wasu ba sa iya tsayawa. Magaji ya karɓi Jidda daga hannun wata mata, ya ga ba ta fi nauyin ɗan akuya ba. Larai ba ta matso ba. Tana tsaye bakin ƙofar kangon, tana kallon bayan motar har ya zama babu kowa ciki sai buhuna da igiya. Liman ne ya sauko ƙarshe daga gaba, bai dubi inda take ba.

A ɗaki aka ba Jidda kunu, ta sha rabi, sannan ta yi magana da kanta ba a tambaye ta ba.

"Da anka ce Hauwa'u gidan Balarabe, mun tashi mu biyu, ni da Yaya Kulu. Mai bindigar ya ce guda anka rubuta. Baba Liman ya ce mu biyu ne, har ya rantse. Ya ce shi guda ya gani. Sai Yaya Kulu ta ce ita sunanta Kulu, ba Hauwa'u ba. Ta koma ta zauna."

Jidda ta waiwaya tana neman Larai. "Inna Larai, ta ce in gaya miki ƙayar da ta soke ta a ƙafa ta hita."

Larai ta ce, "To." Ta tashi ta shiga bayan labulen buhu da ya raba ɗakin.

A waje Liman yana yi wa Magaji bayani, muryarsa a dishe. "Na ce a ba ni biro in ƙara. Mai bindigar ya ce abin da na'ura ta buga shi ne magana, na hannu kuwa ƙari ne, wai ɗiyar wani gari nake son hiddawa. Na roƙe shi da Allah da Annabi. Ya ce in ban tashi ba zai mai da sauran. Mutum talatin da bakwai ke bayana, Magaji. Mi zan yi?"

Khairiyya tana jin su ta taga.

Da safe Malam Kamaluddeen ya zo buɗe shago ya tarar da ita zaune a dakalin ƙofa. Labari ya riga ya iso masa. Suka gaisa, ya buɗe, ya tayar da janareta. Ta kunna kwamfuta ta buɗe bayanan farko, masu abu cikin abu. Ta shiga gidan Balarabe. Ga uwarta, ƙarƙashinta Hauwa'u, ana kiranta Jidda, shekara shida. Ga Larai, ƙarƙashinta Hauwa'u, ana kiranta Kulu, shekara goma sha ɗaya. Da hannunta ta shigar da su biyun, suna nan ba abin da ya taɓa su. Ta sa kwamfutar ta ƙirga waɗanda aka tafi da su a nan, ta ce talatin da takwas. Ta sa ta ƙirga jerin da aka buga, ta ce talatin da bakwai.

"Malam, ina guda ta tahi? Ban ce ta goge kowa ba. Wallahi ban ce ba."

Malam ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya karanta layukan da ta rubuta tun daga sama, a hankali, har ya zo inda ta haɗa suna da gida. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Kin san turke a kara, inda Babanki ke ɗaure bijimi?"

"Na sani."

"Mabuɗi a irin wanga jeri turke ne, dabba guda yake riƙewa. Mutum in ya zo ya iske an ɗaure wata a turken, zai tsaya ya yi tambaya. Ita kwamfuta ba ta tambaya. Sai ta kwance ta farko ta ɗaure ta biyu, ta wuce, ba ta ce komai ba. Can cikin gida kowace tana ƙarƙashin uwarta, ba su haɗu ba. Da munka cire iyaye mata, sai sunka koma turke guda."

Khairiyya ta kalli gilashin. Ta daɗe tana kallo, tana bin layin da ido.

"Ta baya ke kore ta gaba?"

"Haka ne."

"Innata ce a sama. Inna Larai tana ƙasa." Ta dubi Malam. "Ke nan Jidda ce kwamfuta ta kwance. Sunan da ke takardar na Kulu ne."

Malam bai musa ba, don gaskiya ta faɗa. Ta kifa kai a kan teburin. Ya bar ta ta yi kukanta, ya je ya kashe fanka don kada takardu su tashi, ya dawo ya zauna.

"Ki saurare ni, Khairiyya. Ke kin rubuta, ni na duba, ni na ce ya yi. Da na zo gwadawa na ƙirƙiro sunaye goma sha biyu, kowa da nashi, kamar a littahi. Ni da aka haihe ni gidan da akwai Muhammadu huɗu. Da na tuna gidanmu, da na gani."

"Amma ni 'yar gidan ce, Malam. Na san su biyu ne. Na ga guda na yi murna."

"Kin nemi ƙanwarki kin gan ta. Kowa a kangon nan nashi ya nema." Ya mayar da hularsa. "Yanzu tashi ki gyara. Liman zai koma, ba zai koma da hannu banza ba."

Ta share fuska ta gyara. Ta ba kowane mutum lambarsa ta daban a cikin kwamfutar, wadda ba za ta fito a takarda ba, ta mayar da ita mabuɗin. Ta ƙara layi biyu a ƙarshe: kwamfutar ta ƙirga waɗanda suka shiga, ta ƙirga waɗanda suka fito, in ba su zo ɗaya ba ta ƙi bugawa. Malam ya zuba gidan ƙarya mai Muhammadu huɗu, huɗu suka fito. Aka zuba na gaskiya, talatin da takwas suka shiga, talatin da takwas suka fito. Aikin duka bai kai minti ashirin ba. Sannan suka buga takarda ta biyu, mai layi ɗaya.

Kafin ta kai wa Liman, Khairiyya ta ɗaga labulen buhu ta durƙusa gaban Larai.

"Inna Larai, ina kwana. Ya haƙuri?"

"Da godiya, ɗiyata."

"Ni ce na yi takardar. A hannuna sunan ya faɗi." Ta yi ƙoƙarin bayanin turke, maganar ta sarƙe mata.

Larai tana jan carbi, ba ta daina ba. "Ni ban san na'urarku ba. Amma kunnena lahiya lau yake. Na ji guda anka kira. Na ce a raina ƙila haka ake rubutawa, tun da sunan guda ne. Na ce bari in tambaya, na ga Yaya Magaji, na ga Liman." Ta ajiye carbin. "Mi kika rubuta a wagga?"

"Hauwa'u, gidan Balarabe, wadda ake kira Kulu."

"Ki ƙara ɗiyar Larai ce."

"Baba Liman ya ce kada a sa uwa, don kada su tuna dukiyar gida."

"Wace dukiya? Uban ya mutu, shanun suna hannunsu. Ki sa. In sunka karanta ta ji, ta san ni na aiko."

Khairiyya ta koma shago ta ƙara, aka sake bugawa. Liman ya karanta, ya dube ta, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba bai ce a cire ba.

Ranar Asabar ya shiga daji a bayan babur. Ya kwana biyu. Ranar Litinin da hantsi ya dawo shi kaɗai da mai babur ɗin, rigarsa ta yage a kafaɗa. Magaji da Malam da Khairiyya suna zaune gindin dalbejiyar da ke gaban kangon. Bayan gaisuwa ya nemi ruwa, ya sha, ya zauna a ƙasa.

"Sun tashi. Na iske toka da duwatsun murhu da ƙasusuwan shanu, ba mutum ko guda. Wayar da muke magana da ita a kashe take. Wani makiyayi ya ce ya ga sun yi yamma tun daren Juma'a, da mata da yara a tsakiya. Ya ce ƙila an raba su gida biyu, bai tabbata ba."

Magaji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ban daina ba," in ji Liman. "Na bar saƙo Dosara, na bar saƙo Damaga. Duk wanda ya ji ɗuriyarsu zai aiko mani." Ya ciro takardar daga aljihu. Gumi ya jiƙa ta ta bushe, gefenta ya yi ja da ƙasa, amma rubutun yana nan ana karantawa. Ya miƙa wa Khairiyya. "Ki buga mani wata sabuwa. Wagga ta fara yagewa, ban san kwana nawa zan yi yawo da ita ba."

Ta karɓa da hannu biyu. Daga cikin kangon ana jin muryar Jidda tana tambayar uwarta ko Yaya Kulu ce ta zo a babur. Khairiyya ta buɗe takardar ta duba layin harafi harafi, ba ta ga kuskure ko ɗaya ba. Ta gane cewa yanzu takardar daidai take, kuma babu wanda za a miƙa wa ita.